Koren Ƙyalle da Ɗigo Ɗaya a Zaurena

A Gwange idan ka ce wa dattijo "sinuka", kafin ka rufe baki zai ce maka "caca". Kuma ba za a ga laifinsa ba. Duk wanda ke bin layukanmu da yamma ya san rumfunan: tebur a ƙarƙashin kwano, samari sun kewaye shi, ana wasa ana musu, a wani wurin kuɗi na sauya hannu a ɓoye, a wani wurin ma har da abin da ya fi caca muni. Amma ni ina cikin iyayen da suka lura cewa hana yaro abin da yake so ba ya kashe son, ɓuya kawai yake koya masa. Mu da muka yi shekarun dokar hana fita a garin nan mun san yadda cikin uba ke ɗurar ruwa idan an kira magariba ɗansa bai shigo ba. Shi ya sa tun 2019 na sa kafinta ya haɗa min tebur na ajiye a zaure, don 'ya'yana maza uku da abokansu su yi wasansu inda idona ke kaiwa.

Ambaliyar Alau ta ranar 10 ga Satumba 2024 ba ta bar teburin ba, kamar yadda ba ta bar komai ba a unguwar nan. Da ruwa ya janye muka dawo, ƙyallen ya zama taɓo, robar gefe ta saki, ƙafafun sun kumbura. Shimfiɗar marmara ta ciki ce kaɗai ta tsira. Wata takwas tana jingine a bango, don wanda ke neman abin sawa a tukunya da tubalin ɗaga katanga ba ya zancen wasa. A cikin watannin nan ne yaran suka koma rumfa. Wata rana na tsakiyan ya shigo bayan goma na dare babu waya a hannunsa, ya ce ta faɗi. Daga baya ƙaninsa ya gaya min inda ta faɗi ɗin: a gefen tebur aka jinginar da ita.

Da na ce zan gyara namu, uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, katifa ba ta gama isarmu ba, kai kana zancen ƙyallen wasa?" Na ce mata ta lissafa kuɗin wayar nan, sannan ta lissafa wadda za ta biyo baya. Ba ta ce uffan ba, amma washegari ita ce ta tambaye ni ko kafintan na nan da lambarsa ta da.

To, gyaran katako da roba aikin kafinta ne. Inda maigida zai sa baki wuri biyu ne, ƙyalle da ɗigo, kuma su ne nake so in yi wa 'yan uwa bayani, don na san ba ni kaɗai ruwa ya ci wa tebur ba.

Farko mu san wasan da muke yi. Sinuka ta asali hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙirƙiro ta a garin Jabalpur na Indiya a 1875. Teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ƙwallayenta 22: ja 15, masu launi 6, da fara ɗaya. Wanda muke bugawa a nan mai ƙwallo 15 da fara, inda baƙa ke shiga a ƙarshe, Turawa ful suke ce masa. Mu dai duk sinuka muke kira. Bambancin na da amfani, don kowanne da irin ƙyallensa da irin alamominsa.

Ƙyalle iri biyu ne babba. Akwai mai gashi, na ulu, wanda gashinsa ke kwance gefe guda kamar na bayan akuya: ka shafa ta nan ya yi laushi, ka shafa ta can ya tashi. Shi ake sa wa teburin sinuka ta asali, kuma wanda ya fi suna shi ne Strachan da ake saƙawa a garin Stroud na Ingila. Sai kuma marar gashi, mai santsi, wanda ƙwallo ke gudu a kai kamar an kore ta. A nan sunan Simonis ake ji, kamfanin garin Verviers na Beljiyam da ya faro tun 1680. Samfurinsu mai lamba 860 kashi 90 ulu ne, kashi 10 nailan. Waɗannan na manyan gasa ne, kuɗinsu kuwa sai wane da wane. Ban saye su ba, amma sanin su ya ba ni ma'aunin da zan gwada na kasuwa.

Wani mai kayan wasanni a Kano ya aiko min da ƙananan yanki uku a motar haya. Telan layinmu kuma ya kawo na huɗu, koren karammiski, ya ce, "Alhaji, wannan ai ya fi su kyau, ga araha." Kyau kam ya fi su. Amma da muka shimfiɗa shi a kan marmara muka gangaro ƙwallo, sai ta yi taku biyu ta tsaya kamar jakin da ya ga rami. Karammiski na kujera ne da labule.

Sauran ukun gwaji biyu na yi musu, kuma kowa zai iya. Na farko na ɗebi ƙasa mai laushi daga tsakar gida na barbaɗa a kan kowanne, na bi da buroshi. Mai gashi sosai ya shanye ƙurar, sai ka buga shi take tashi. A garin da hunturu ke shigo mana da ƙura har cikin kwanon tuwo, wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ƙurar da ta shige ƙarƙashin ƙyalle ita ke cinye shi daga ciki. Na biyu na murza kowanne da ɗan yatsa sau da yawa a wuri ɗaya. Mafi araha, wanda roba ta yi masa yawa, nan take ya fara tara ƙulli-ƙulli irin na tsohuwar rigar sanyi. Kowane ƙulli kuwa yana iya karkatar da ƙwallo mai tafiya a hankali.

Yaran marar gashin suke so, irin wanda suke gani a bidiyon waya. Na ce musu ƙyalle mai santsi ba ya rufa wa tebur asiri. Idan shimfiɗarka na da ɗan tudu ko gangara, shi zai tona, ka ga ƙwallo ta kama hanyar rami ba wanda ya aike ta. Marmarar da ta kwana cikin ruwa, aka ɗora ta a kan sababbin ƙafafu a daɓen zaure, tana bukatar ƙyalle mai ɗan kauri. Sai muka tsaya a tsakiya: haɗin ulu da nailan, mai gajeren gashi. Idan ka ɗauki mai gashi, ka tsaya a kan mai ɗaurawa ya kwantar da gashin daga inda ake buga fara zuwa inda ake jera ƙwallaye, kuma duk shara ta bi wannan hanya.

Launi ma sai da aka yi ta gardama. Babban ya ce shuɗi, shi ake yayi. Autan ya ce ja. Ja dai na soke shi tun farko: jar ƙwallo na ɓacewa a kai, kuma shuɗin allin sanda na barin masa tabo kamar zanen yara. Launi mai duhu kuma kowace ƙwayar ƙura sai ta fito a kai. Kore na zaɓa, wanda asalinsa kwaikwayon ciyawar fili ne, don wasan daga waje aka shigo da shi ɗaki. Ido na hutawa a kansa, musamman da dare a hasken fitilar sola. Na haɗa da koren alli, don tabon ya saje.

Sai ɗigo. Mutane na raina shi, alhali rabin faɗan rumfa daga nan yake tashi: "ka matso da jerin", "ka wuce layi". Tebur marar alama, mai ƙarfin murya ne alƙalinsa. Saboda haka ranar sa ɗigo na tara yaran duka da abokansu huɗu, na ba na tsakiyan tef ɗin awo. Cikin tebur mai kyau tsawonsa ninki biyu ne na faɗinsa. Namu inci 72 ne da 36. Muka ja zare daga ramin tsakiya na dama zuwa ramin kusurwa na hagu, muka ja wani daga ramin tsakiya na hagu zuwa kusurwar dama. Inda zaren biyu suka haɗu nan ne ɗigo. Ya auna: inci 18 daga robar ƙarshe, 18 daga kowane gefe. Kowa ya leƙa ya gani da idonsa.

Saura abu biyu da sai gida ya yanke wa kansa. A tsarin Amurka ƙwallon gaba ta jerin ce ke hawa ɗigo, layin buga fara kuma yana kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon tebur. A tsarin Ingila baƙar ƙwallo ce ke hawa ɗigo, layin kuma kashi ɗaya cikin biyar. Ba wanda ya fi wani halacci, abin da ke kawo rigima shi ne a fara da ɗaya a ƙare da ɗaya. Yaran suka ɗaga hannu, tsarin Ingila ya ci. Muka ja layi a inci 14 da ɗan ɗori, aka rubuta dokar a kwali aka manna a bango.

Mai kayan ya haɗo min da ɗigon mannawa, baƙaƙe masu gam a baya. Suna da amfani, suna kare wurin da ƙwallo ke yawan daka. Amma zafin Afrilu na Yerwa, da ke haura digiri 40, narkar da gam yake yi, bakin ɗigon ya ɗago, ƙura ta manne, ƙwallo ta riƙa tuntuɓe. Na ajiye su. Allin tela muka sa, ɗan ƙaramin gicciye da layi siriri. Idan ya dushe a sake, kuma duk wanda zai sake sai ya ja zare a gaban shaida. Ban yarda da maka ba, tawadarta na bazuwa cikin ulu kuma ba ta fita.

Dokokin zauren uku ne: ba kuɗi ko na sisi, ana kiran salla a ajiye sanda, wanda ya sha kaye shi ke share tebur ya rufe shi da tsohon zanin gado. Maƙwabcina, wanda da ya fi kowa kiran abin caca, yanzu ɗansa a nan yake yini, shi kuma yana leƙowa bayan isha'i wai ya zo kiransa, sai ya zauna ya ga ƙarshen wasa.

Wanda ruwa ya ci wa tebur kuma yake shirin tayar da shi, kada ya biya kuɗin ƙyalle sai an ba shi yanki ya gwada da ƙasa da yatsa. Zare da tef ɗin awo suna nan a zaure, kuma na tsakiyan nawa ya iya aikin yanzu, zan turo shi ya auna muku.