Dashen da na kai Kibiya bai kama ba

Laifina ne, ba na manoman ba, kuma gara a ji daga bakina.

Ina cikin matasan da suka ɗauki aikin dashen itatuwa a ƙauyukan Rano da Kibiya, ganin yadda damina ta sauya hali. Ruwa ya makara, ya ɗauke ana tsakiyar noman fari, sannan a Agusta ya sauko kamar da bakin ƙwarya ya kwashe ƙasar gona. Waɗanda ruwan madatsar Tiga ke kai wa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, suna da noman rani. Mai gonar tudu kuwa sama kawai yake kallo.

Na kai dashen turare da darbejiya cikin leda ana dab da ɗaukewar ruwa, don sai lokacin kuɗi suka samu. Muna rabawa wani dattijo ya ja ni cikin gonarsa, ya nuna mini kututturan kalgo da sabara da 'yan ƙananan gawo suna tofo. Ya ce, "Yaro, waɗannan fa ba sa neman ban ruwa." Na ce, "Baba, ai wannan daji ne, a sassabe a dasa na zamani." Ya yi shiru. Har yau maganar nan na ci mini rai, domin akwai waɗanda suka ji ta suka sare nasu.

Da aka saki dabbobi bayan kaka, awaki suka fara cin dashen, gara da zafin bazara suka ƙarasa shi. Ban taɓa tambayar wa zai shayar da dashen ba, a garin da ruwan sha ma sai an bi layi. Ban kuma lura cewa turare shanye damshin gona yake yi ba, alhali gawo da damina yake zubar da ganye: ba ya tare wa dawa rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi da rani.

Abin da dattijon ya nuna mini shi ne abin da manoman Maradi suka runguma tun wajen 1983, tare da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya, suna ce wa dabarar sassabin zamani. A zaɓi tofo mafi ƙarfi a kututture, a rage sauran, a kare shi. Saiwarsa ta riga ta yi nisa a ƙasa. Da haka kimanin hekta miliyan 5 suka sake yin itatuwa a Nijar.

Na koma na ba dattijon haƙuri. Ya ce ba komai, ya miƙo mini adda ya nuna mini reshen da ake bari.

Ku masu niyyar kai dashe bana, don Allah ku fara zaga gonar tare da mai ita, ku tambaye shi abin da ke tofowa a cikinta. In ma dashen ya zama dole, ku kai shi da farkon damina, bayan an san mai shayarwa da mai shingewa.