Dokar Pasqua da makomar amarya

A ranar 29 ga watan Afrilu 1976 gwamnatin Faransa ta bai wa baƙon da ke aiki a ƙasar damar kawo matarsa da ƙananan ƴaƴansa. Tun 1974 aka rufe ƙofar ɗaukar ma'aikata daga waje, saboda haka waɗanda ke ciki suka daina kai da komo irin na ƴan ci-rani, suka nemi iyali su iske su. Da hukuma ta so taƙaita wannan dama a 1977, kotun Conseil d'État ta tsayar a Disamba 1978 cewa baƙo ma yana da haƙƙin zama da iyalinsa. A 1980 ta ƙara gaba, ta yarda matar wani mutumin Bene ta biyu ta zauna tare da mijinta.

Bisa wannan ne mata suka taso daga Mali, Sanigal da Muritaniya, uwargida da amarya, kowace da takardarta. Suka haihu can, yara suka shiga lakkwal.

Sai dokar Charles Pasqua ta 24 ga Agusta 1993 ta zo. Mai mata biyu ɗaya kurum zai kawo. Ɗan ɗayar kuwa ba ya shiga sai in uwarsa ta rasu ko an ƙwace mata ikon riƙonsa. Aka kuma hana takardar zama ta shekara 10 ga mai zaune da mata biyu da matansa.

Ba wanda zai hana Faransa ƙin auren mace fiye da ɗaya a ƙasarta. Amma wa bulalar ta samu? Miji na da aiki, yana jin Faransanci, sunansa ne kan takardar haya. Amarya da ta shigo da izinin hukuma ita ce aka wayi gari zamanta ya koma laifi. Daga shekara ta 2000 aka ce mafita ita ce ta raba gida da mijinta, alhali ba albashi gare ta ba, ga yara, ga tsadar ɗaki a kewayen Paris. In ta koma gida kuwa, ta bar ƴaƴan da ba su san wata ƙasa ba.

Ko mai mata ɗaya bai tsira ba. Pasqua ya sa masa jiran shekara 2, dokar 1998 ta maida shi shekara 1, ta 2006 ta kai shi wata 18. A duba albashinsa, a auna faɗin ɗakinsa. Abokin aikinsa ɗan Italiya ko Fotugal ba a tambayarsa wannan, don yana cikin Tarayyar Turai. Majalisa ta so maida jiran wata 24, kotun tsarin mulki ta soke hakan a Janairu 2024, ba don ya zalunci kowa ba, sai don an cusa shi cikin dokar ba bisa ƙa'ida ba.