Ƙidaya a Harshen Sifaniyanci

Ba a koyar da Sifaniyanci a makarantarmu, sai Turanci da Larabci da Faransanci. Ni kaɗai nake bin wani ɗan littafi da yayana ya ba ni, bayan an tashi karatun dare. Dalili kuwa, burina in na gama makaranta in shiga fatauci, ga kuma ƙasar Ikwatoriyal Gini nan kusa da mu, wadda ta sami mulkin kai daga Sifaniya a 1968, har yau kuwa harshen ne na hukuma a can. Abokaina na ɗakin kwana sun ce in fara da gaisuwa. Ni kuwa na ce ƙidaya ce gaba, don wanda ya kuskure gaisuwa dariya za a yi masa a wuce, amma wanda ya kuskure ƙidaya aljihunsa ne zai gaya masa.

Da farko abin da sauƙi. Yadda muke cewa talatin da biyu, haka su ma suke cewa treinta y dos, wannan y ɗin ita ce "da" tamu. Sai dai su lamba ce ke gaba, abin da ake ƙirgawa yana biye. Mu mu ce shanu uku, su su ce tres vacas.

To, inda gizo ke saƙar shi ne wajen ɗaya. Mu ma muna da namiji da mace a harshenmu, amma ɗayarmu ba ruwanta: rago ɗaya, tunkiya ɗaya. Tasu kuwa sai ta dubi abin da ke gabanta tukuna. In ana ƙirga kawai, uno ce. In ta zo gaban namiji sai ta zama un, kamar un libro, littafi ɗaya. Gaban mace kuma una, kamar una vaca. Wannan hali yana bin ta duk inda ta shiga, har cikin ashirin da ɗaya: veintiún libros, amma veintiuna vacas. Ɗaruruwa ma haka suke, doscientos libros, doscientas vacas. Ɗari cif ita ce cien, da an ɗora mata ko da ɗaya ce sai ta koma ciento. Ɗari biyar kuwa ba ta ko kama da cinco, wato biyar. Sunanta quinientos, sai dai mutum ya haddace. Akwai kuma sesenta da setenta, sittin da saba'in. Harafi ɗaya ya raba su, a cikin hayaniyar kasuwa kuwa dole a kasa kunne sosai.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne manyan kuɗi. Dubu ɗaya mil ce kawai, ba a sa mata un, amma miliyan sai an ce un millón de francos. Billón ɗinsu kuma ba biliyan ɗinmu ba ce. Tamu miliyan dubu ce, su mil millones suke ce mata. Tasu miliyan sau miliyan ce, wato ta ninka tamu sau dubu. Haka nan a rubuce: in mutumin Sifaniya ya rubuta maka 2.500, dubu biyu da ɗari biyar yake nufi, in ya rubuta 2,5 kuwa biyu da rabi ke nan. Mutanen Meziko kuma irin namu suke yi. Ku duba fa, harshe ɗaya!

Kalmomin yawa da ƙaranci su ma suna da nasu. Wanda ya ce tengo poco dinero kuka yake yi, kuɗinsa ba su taka kara sun karya ba. Wanda ya ce tengo un poco de dinero kuwa yana da ɗan abin da ba a rasa ba, ana iya zama a yi ciniki da shi.

Wata kalma ta faranta mini rai, ita ce arroba, wani tsohon ma'auni na wajen kilo goma sha ɗaya da rabi. Daga Larabci ta fito, tun zamanin da Musulmi suka yi mulki a Andalus, tsakanin 711 da 1492, kuma tushensu ɗaya da rubu'i namu, domin kashi ɗaya ce cikin huɗu na wani babban ma'auni mai suna quintal. Da wannan suna suke kiran alamar nan ta @ da ake sa wa a adireshin imel.