Rowar Bature da Tamu

A ƙasarmu, watau Kurmin Kogi da kewayenta har zuwa Ikara da Maƙarfi da Kudan, idan ka ji an ce "ai wane Bature ne", sai ka saurari muryar mai maganar kafin ka gane yabo ne ko zambo. Wani lokaci ana nufin mutumin ba ya saɓa alkawari, in ya ce ƙarfe huɗu to ƙarfe huɗu ne. Wani lokaci kuwa ana nufin hannun jarirai gare shi, ba a cin nasa, ba ya kiran kowa ga akushinsa. Kalma guda ta ɗauki kaya biyu, alhali kuwa yawancin masu faɗinta ba su taɓa zama da Bature ko na yini ɗaya ba. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in kawo zancen gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, domin mu duba inda sunan ya samo asali, mu kuma duba abin da ya shafe mu a ciki.

Duk ɗalibin Hausa ya san cewa abin da al'umma ta tsana, shi take yi wa sunaye barkatai. Muna da rowa, da maƙo, da ƙwauro, da tsumulmula, ga kuma matsolo da marowaci. A ɗaya gefen muna da tattali da tsimi da tanadi, waɗanda ake yabon mai su. Tsakanin tattali da rowa kuwa tazarar ba ta da yawa, kuma sau da dama mai kallo ne yake yanke hukunci. Har wani Bature, A. H. M. Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa, ya kuma koyar a Zariya, ya wallafa nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe a 1974, inda ya lissafa halaye goma, karamci na cikinsu. Ashe ke nan wasunsu sun san ma'aunin da muke auna su da shi.

Turawan Ingila sun shiga Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya ratsa ta ya isa Kano a 1911, aka kafa gidan gurzar auduga, aka buɗe gonar gwaji ta Samaru a shekarun 1920, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello ta soma aiki a 1962 da malamai da yawa daga ƙasashen waje. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan baƙi yana bukatar kuku da boyi da mai gadi da mai ban ruwan furanni. Samarin ƙauyukanmu da suka tafi cin rani Zariya, wasunsu suka faɗa wannan aiki. Su ne suka ga cikin kicin ɗin Bature, kuma daga bakinsu labarin rowarsa ya bazu.

Kakana, Allah ya jiƙansa, yana cikinsu. Ya yi shekara tara yana yi wa wani Baturen aikin gona girki, tun ana sauran kaɗan a sami mulkin kai, har mutanen garinmu suka laƙaba masa Baba Kuku. Ya ce uwargidan Baturen takan ƙirga ƙwayoyin sukari kafin ta miƙo masa, ta kulle sito ta rataya makullin a wuyanta. Kwalbar kananzir ɗin firji kuwa, da fensir take ja mata layi kullum da yamma. In ya dawo daga kasuwar Sabon Gari sai ya tsaya ta buɗe littafi, ya faɗi kuɗin albasa, ya faɗi na nama, ta rubuta har kwabo, ta karɓi canji. Wata rana mai tumatir ya yi masa gyara saboda sabo, ya ware gyaran zai kai ɗakinsa, uwargida ta ce ai da kuɗinta aka yi cinikin, saboda haka gyaran ma nata ne. Hatta gwangwanayen madara da kwalaben da aka shanye abin cikinsu, ba a ɗauka sai an tambaya.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ranar da kawunsa ya taso tun daga Kurmin Kogi da damin rake da zakara, don ya gai da ubangidan ɗansa. Baturen ya fito baranda, ya dubi kayan, ya ce, "Nawa ne?" Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, ai gaisuwa ce." Baturen ya shiga ciki ya fito da sule huɗu, ya ce in ba a karɓa ba to a koma da kayan. Ba a ce masa ya zauna ba, ba a kawo masa ko ruwa ba. Tsohon nan ya koma gida yana cewa an mai da shi ɗan talla, kuma har ya rasu bai sake taka barikin Zariya ba.

Da nake yaro wannan labari dariya yake ba mu. Da na girma na soma karatu, sai na ga akwai dalilai a bayan wasu daga cikin halayen nan. Na farko, dokar aikin gwamnati ta hana ma'aikaci karɓar kyauta, domin a wurinsu zakaran yau shi ne toshiyar gobe. Na biyu, mutanen nan daga cikin ƙunci suka fito. An soma rabon abinci da kati a Ingila a 1940 saboda yaƙin duniya na biyu, ba a saki sukari ba sai 1953, ba a kuma daina rabon gaba ɗaya ba sai 1954. Macen da ta yi ƙuruciyarta tana bin layin sukari, ba abin mamaki ba ne in ta ƙirga shi ko da ta same shi a yalwace. Na uku, baƙo raɓa ne. Baturen ya san ba a nan zai tsufa ba, ga kuɗin makarantar 'ya'yansa can gida, ga 'yan ƙasa suna shirin karɓar kujerarsa. Duk sisin da ya rage masa, gida yake aika shi.

Wannan dalili na uku bai kamata ya zame mana baƙo ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba a san su da almubazzaranci a hanya ba, guzurinsu a ƙulle yake. A yau ma 'yan'uwanmu da ke neman kuɗi a Saudiyya ko Ingila sukan cunkushe su biyar a ɗaki guda, su ci abinci sau biyu, domin a gina gida a Ikara ko a aurar da ƙanwa. Maƙwabtansu na can da suke ganinsu haka, ƙila su ma marowata suke ce musu. Kyautar baƙo tana can inda ya fito, mai masaukinsa ba ya ganinta. Wani ɗan kawuna da ke aiki a wata masana'antar mutanen Asiya a Kano ya ba ni labarin iyayen gidansa, sai na ji kamar Baba Kuku ne yake magana: ana ƙirga ƙusa, ana yanke kuɗin wanda ya makara, su dafa nasu su ci a bayan katanga, ranar salla kuwa ko goro babu.

Amma fa akwai abin da waɗannan dalilai ba su wanke ba. Bahaushe a baƙunci, duk tsiminsa, ya kafa zango a Kumasi, ya kafa Sabo a Ibadan, inda baƙon da ya sauka da dare zai sami wurin kwana da tuwo kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi. Bature shi kuwa da ya zo ƙasarmu sai ya kafa bariki da kulob. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin cizon sauro. Ko a junansu ma, in ji kakana, ba a faɗo wa mutum gida sai an aiko da takarda, a kulob kuma kowa da takardar bashinsa da yake sa wa hannu. To, kujera da moɗar ruwa ga tsohon da ya sha rana, nawa za su rage daga kuɗin makarantar 'ya'ya? Ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Rowar sukari tana da uzuri, amma rowar fuska ban samo mata ko ɗaya ba.

Sai dai kuma shi wannan kakan nawa da ya ba mu labarin sukari, bai yarda a tsaya nan ba. In muka cika dariya sai ya ce, "Kai abokina, bari in ƙarasa maka." A shekara taran nan, albashinsa na fam uku da 'yan kai bai taɓa ƙetare ranar ƙarshen wata ba. In Baturen zai tafi rangadi, sai ya biya kafin ya tafi. Da kakata ta kwanta ciwo, shi ya ɗauke ta a motarsa ya kai ta asibitin Wusasa, ya biya kuɗin, sa'an nan ya rubuta a littafi, ya riƙa cire sule biyar kowane wata har bashin ya ƙare. Da zai koma gida ya yi gwanjon kayansa kaf, har tukwane, bai bar wa kakana ko cokali ba. Abin da ya ba shi takardar shaida ce mai layi shida, wadda ya faɗi gaskiyar aikinsa a ciki. Da takardar nan ya sami aiki a gidan wani malamin jami'a, da kuɗin aikin kuma ya sayi fadamar da har yau gidanmu yake noman rake a cikinta. Kakana yakan ce, "Bai taɓa ba ni abin da ba nawa ba, bai kuma taɓa hana ni nawa ba."

Wannan magana ita ce ta sa na juyo na dubi gida, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu dai ba a raba mu da kyauta. Ka bi ta gonar rake a ƙasar Maƙarfi lokacin sara, da wuya ka wuce ba a miƙo maka kara ba. Ka tsaya inda ake dafa mazarƙwaila, sai an gutsuro maka. Baƙo ba ya kwana da yunwa a Kurmin Kogi. Amma kuma na sha ganin mai gona ya sa 'yan ƙwadago sun yini suna ɗiban tumatir, da yamma ya ce su dawo ran kasuwa, ran kasuwa ya ce mota ba ta dawo daga Kudu ba, har magana ta shiririce. Mako biyu bayan haka sai ka gan shi a wurin biki yana yi wa maroƙa liƙi, ana kururuta sunan kakanninsa. Jama'a kuma su ce wane akwai alheri. Alhali addininmu ya hore mu da a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Kyautar da ake yi a bainar jama'a tana da tukwici, watau suna. Biyan haƙƙi kuwa ba mai yi masa kirari, shi ya sa ya fi wuya. Wanda ya hana kyauta muna da sunaye shida da za mu kira shi da su. Wanda ya danne haƙƙin lebura, in dai yana rabon goro, sai mu ce Alhaji ne mai mutane.

To 'yan'uwa, ga inda zancen ya iso kanmu. Turawan nan sun daɗe da tafiya, amma gidajensu suna nan a barikin Zariya da Kaduna da Kano, da 'yan ɗakunan barori a baya, kuma 'yan boko ne suka gaje su. Mu da muke aji a yau, irin wannan zama muke mafarki. Abin da nake gani a wasu gidajen da nake shiga yana ba ni tsoro. An ɗauki katanga da ƙofar ƙarfe da mai gadi. An ɗauki "a bugo waya kafin a zo". Dattijo ya taso daga ƙauye da tsarabar daddawa da kuka, a bar shi a waje a kan benci, a ce maigida yana hutawa. An ɗauki kulle sito da ƙirga ƙwayar magi. Amma yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana wanke-wanke, sai ta yi wata uku uwarta ba ta ga kuɗin aikinta ba, in an tambaya a ce ai 'yar gida ce, ana tara mata na kayan ɗaki. Mai gadi kuma a haɗa shi da "sai an yi albashi". Watau an kwaso rowar fuskar Bature an haɗa da jinkirin biyan namu, an bar cika alkawarinsa, an kuma bar karamcin iyayenmu. Wanda ya yi haka ya yi biyu babu.

Ba na cewa mu daina lissafi. Zamanin da buhun masara yake cinye rabin albashi, wanda bai iya tattali ba zai kunyata. Littafin uwargidan nan ba laifi ba ne, da ma ace kowane gida yana da irinsa. Abin da nake roƙo shi ne mu san abin da za mu rubuta a shafin farko. Haƙƙin wanda ya yi mana aiki shi ne farko, a ranarsa, ba tare da ya zo yana murza hula a ƙofa ba. Sa'an nan tabarma da ruwa da sakin fuska ga duk wanda ya yi sallama, waɗannan ba sa cikin lissafi. Abin da ya saura bayan haka, in mutum ya ga dama ya yi liƙi, in ya ga dama ya kulle a sito, ba mai zarginsa.

Ina fata malamanmu masu nazarin al'ada za su tura ɗalibai ƙauyukan Zazzau su ɗauki maganar sauran tsofaffin kuku da boyi da suka rage, tun ƙasa ba ta rufe su ba, domin tarihin zaman Turawa da muke karantawa yawancinsa daga falo aka rubuta shi, na kicin yana bakin waɗannan bayin Allah. Allah ya ba mu abin da za mu bayar, ya kuma hana mu cin gumin wani. Amin.