Ajiyar da ba a duba ba

Shekara shida na yi ina naɗar hira da dattawan marina na birnin Kano, musamman na Ƙofar Mata, da nufin rubuta littafi a kan sana'ar rini. Duk hirar da na ɗauka da kyamara, sai in harhaɗe guntayenta ta zama fayil guda a kwamfutar da ke ɗakin karatuna a Gyaɗi-Gyaɗi, sannan in goge katin domin in sake amfani da shi. Ban taɓa jin fargaba ba, domin ina da rumbun ajiya na waje, da kuma manhajar da na ɗora wa aikin kwafe komai duk daren Juma'a. Kullum ta gama sai ta nuna mini alamar an kammala, ni kuwa in kwanta hankalina kwance.

Wani dare da damina aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta yi wata 'yar ƙara ta mutu. Da gari ya waye na ɗauko rumbun na jona shi a kwamfutar uwargida, har ina yi mata fahariyar cewa mai tanadi ba ya kuka. Takardun darasi suna nan, sakamakon ɗalibai yana nan, hotunan sunan 'ya'yana suna nan. Dogayen hirarrakin kuwa babu ko ɗaya. Uku daga cikin dattawan da na zanta da su sun riga mu gidan gaskiya.

Na kwashi kwamfutar da rumbun na nufi kasuwar Farm Centre da ke Tarauni, inda aka haɗa ni da wani matashi mai gyara wanda da ƙyar ya girmi ɗalibaina na ajin farko. Ya duba na ɗan lokaci, sai ya ce, "Dakta, wa ya yi muku fomatin ɗin wannan rumbun?" Na ce wani abokin aiki ne, domin ya riƙa buɗuwa a Windows ta gida da kuma Mac ta ofis. Ya girgiza kai ya ce, "Ai nan gizo ke saƙar, ranka ya daɗe."

Ga abin da na koya a kan bencinsa. Kowane rumbu yana da tsarin da yake jera fayiloli a kansa. Nawa an ɗora shi ne a kan FAT32, tsohon tsari na shekarun 1990, wanda kusan kowace na'ura ke karantawa, amma ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Hirarrakina duk sun wuce haka, saboda ni da hannuna na harhaɗe su. Manhajar tana isowa kansu ta tsallake, ta rubuta hakan a wani kundin rahoto da ban taɓa buɗewa ba, ta ci gaba da sauran. Ashe duk mako tana faɗa mini gaskiya a inda ba na dubawa.

Na ce, "To, samari, wane tsari ya kamata a yi?" Ya ce NTFS na Windows ne, yana ɗaukar manyan fayiloli, amma Mac karanta shi kawai take yi, ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. APFS, wanda Apple ya fito da shi a 2017, Windows ba ta gane shi ba. Mai yawo tsakanin gidajen biyu, exFAT na 2006 ne nasa. Ya kuma gargaɗe ni cewa fomatin yana share abin da ke ciki, don haka sai an kwashe kaya kafin a sauya tsari.

Allah ya taimake ni, wutar ba ta cinye rumbun cikin kwamfutar gaba ɗaya ba. Kwana huɗu ya yi yana lallaɓa shi, ya ceto hirarrakin in ban da guda. Wadda ta salwanta ita ce ta wani tsoho da ya yi mini bayanin yadda ake haɗa baba da toka da katsi, da yadda ake gane karofi ya nuna. Ba shi da rai yanzu. Abin da ya rage mini daga gare shi shafi biyu ne na rubutun hannu da na yi a gurguje.

Ba ni ne farau ba. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka ya kusa rasa fim ɗin Toy Story 2 bayan an goge shi bisa kuskure, aka tarar ajiyarsu ta daɗe ba ta aiki, sai kwafin da wata ma'aikaciya ta ajiye a kwamfutar gidanta ne ya fitar da su kunya. A Timbuktu kuma, lokacin da aka cinna wa wasu littattafan Cibiyar Ahmad Baba wuta a Janairun 2013, ɗimbin rubuce-rubucen garin sun tsira ne saboda an riga an kwashe su zuwa Bamako. Malamanmu na zaure ma, idan an kwafi littafi, sai an zauna an yi muƙabala da na asali kafin a amince da shi. Wannan mataki ne na tsallake, da digirina da komai.

Yanzu kwafi uku nake ajiyewa, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya kuma ba ya kwana a gidana. Duk farkon wata nakan buɗe rahoton manhajar, in ɗauko babban fayil guda daga rumbun in kunna shi har ƙarshe. Ɗalibaina masu rubuta kundi, da 'yan uwana malamai, in kunne ya ji, jiki ya tsira. A daren nan ku jona rumbunku, ku nemi abin da kuka fi tsoron rasawa, ku tabbatar yana buɗuwa.