Wa Ke Kwantar Da Alkamar Wiltshire?

In mutum ya shiga jirgin ƙasa a birnin Landan ya nufi yamma, bayan awa ɗaya da 'yan kai zai shiga wani lardi na Ingila da ake kira Wiltshire. Ƙasar manoma ce. Tuddai ne masu ciyawa, ba itatuwa da yawa, ƙarƙashin ciyawar kuwa alli ne fari fat. Mutanen da sun kankare ciyawa a jikin tuddan sun fitar da siffar dawakai, har takwas ake gani yau. A lardin ne kuma tsoffin duwatsun Stonehenge da na Avebury suke, da tudun Silbury mai tsayin ƙafa 130, wanda aka tara da hannu fiye da shekara 4,000 da suka wuce.

Mun isa can cikin watan Yuli tare da waɗansu malamai 'yan'uwa, lokacin da alkama da sha'ir suka fara nuna. Abin da ya kai mu shi ne labarin da yaranmu ke gani a waya suna tambayarmu a aji: wai akan wayi gari a tarar an zana manyan da'irori cikin gona, ba sawun kowa.

Jagoranmu, wani tsohon malamin makaranta, ya hau da mu tudun Milk Hill, bisa ƙauyen Alton Barnes. A kan tudun nan ne aka tarar da zane mai da'ira 409 a watan Agusta na 2001. Wanda muka gani ƙarami ne, zobe uku a jere. Da muka sauka muka duba, ba a yanke karan ba, an dai kwantar da shi yana juyawa kamar saƙar faifai. Mai gona ya aje akwati a bakin ƙofa domin mai shiga ya jefa kuɗi. Mun tarar da baƙi a ciki, waɗansu a kwance ido rufe, suna cewa saƙo ne daga mazauna wata duniya.

Wannan zance ya daɗe a lardin. A 1965 garin Warminster ya cika da baƙi, gama mutane sun yi ta cewa suna jin ƙara da dare, suna kuma ganin fitilu a sama. Jama'a suka riƙa kwana a kan tuddai suna jiran jirgi mai siffar faifai. Amma garin yana gefen filin Salisbury, babban filin atisayen sojan Ingila, inda akan harba wutar haskaka fili ta sauko a hankali da laima.

Sararin sama shi ma yana da nasa abubuwan ruɗin ido. Tauraruwar nan da muke kira Zara, in ta yi ƙasa-ƙasa, iska mai motsi takan sa haskenta ya yi ta rawa yana sake launi. In iska mai laima ta haye tudu, takan haifi girgije sumul mai siffar faifai, ya tsaya wuri ɗaya ko da iska na busawa. In kuwa iska mai ɗumi ta kwanta bisa mai sanyi, haske yakan lanƙwashe, har fitilar da ke nesa ta bayyana kamar a rataye take a sama. Sojan sama na Amurka sun tattara rahoto 12,618 daga 1947 zuwa 1969. Daga cikinsu 701 ne suka lissafa a matsayin waɗanda ba a gane dalilinsu ba, ba su kuwa sami shaidar baƙi daga wata duniya ba.

To, da'irorin fa? A 1980 aka ga uku a wata gona ƙarƙashin farin dokin Westbury. Wani masanin yanayi, Dokta Terence Meaden, ya zo ya auna su, ya ce aikin iska ne. A ganinsa, in iska ta haye tudu takan murɗe a bayansa, ta sauko tana juyawa, ta danne hatsi. Daga baya ya ƙara da cewa irin wannan iska tana iya ɗaukar lantarki ta yi haske, watau ita ce kuma fitilun da ake gani. Ba shi ne na fari ba. Tun 1880 wani mai suna John Rand Capron ya rubuta cewa ya ga alkama a kwance a zagaye a lardin Surrey bayan hadari, ya ɗora abin a kan iska mai juyawa.

Mu kam maganar ba ta zame mana baƙuwa ba. Wanene bai ga guguwa ta tashi da rani ta murɗe kara da ganye a fili ba? Mun kuma san yadda akan tsorata yara da ita, a ce aljanu ne ke wucewa, alhali ƙasa ce ta yi zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama tana juyawa.

Sai dai zanen gonakin bai tsaya inda Dokta Meaden ya bar shi ba. A 1990 aka tarar da wani dogo a Alton Barnes mai miƙaƙƙun layuka da siffar mabuɗi. Wace guguwa ce ta iya ja layi da rula? A watan Satumba na 1991 waɗansu dattawa biyu na birnin Southampton, Doug Bower da Dave Chorley, suka shaida wa jaridar Today cewa su ne suka fara wasan tun wajen ƙarshen shekarun 1970. Kayan aikinsu katako ne da igiya, da hula mai ɗan waya a gaba domin saita layi. Suka yi wani zane a gaban 'yan jarida, aka kira Pat Delgado, wanda ya yi suna wajen binciken da'irorin, ya duba ya ce ba aikin ɗan adam ba ne. Bayansu matasa suka gaji sana'ar. Jagoranmu ya nuna mana hanyar tayar tarakta da ke ratsa kowace gona. Ta nan masu zanen ke bi da dare, shi ya sa ba a ganin sawu.

A hanyar komawa ya tsai da mota a wata gona inda ruwa da iska suka kwantar da sha'ir. Nan ya faɗi, can yana tsaye, ba tsari ko kaɗan, daidai yadda gero kan yi mana bayan hadarin marka. Wannan shi ne aikin iska na ainihi. Masana ba su musa cewa guguwa na iya barin wani ɗan zagaye marar kyau ba, amma zanen da aka auna da igiya, hannu ne ya yi shi.

Mai asara a cikin wannan duka shi ne manomi. Injin girbi ba ya kwashe karan da ya kwanta sosai, ga kuma baƙi suna tattake sauran. Shi ya sa waɗansu manoma da sun ga zane sukan shiga da inji su share shi tun da safe.

Iyaye da malamai, yaro zai kawo mana hoton haske a sama ko da'ira a gona, yana tsoro. Kada mu kore shi, kada kuma mu ƙara masa tsoro. Mu zauna da shi mu yi tambaya uku: Yaya yanayi yake a ranar? Me ke kusa da wurin? Wa zai sami kuɗi ko suna in an gaskata? In ya saba da tambayoyin nan, da wuya mai ruɗi ya ci kasuwa a kansa.