Ziyara Ƙasar Manoman da Suka Ƙi Biyan Haraji

Ɗan'uwa, har na shiga jirgin ƙasa a Filadelfiya zuwa Pittsburgh, ban san Amurkawa sun taɓa ɗaukar bindiga a kan gwamnatinsu saboda haraji ba. A zatona, da suka rabu da Ingila shi ke nan, sai zaman lafiya. Tafiyar ta ci mana sa'a bakwai da ɗoriya. Da muka wuce garin Altoona, jirgi ya kama hawan duwatsun Allegheny, yana lanƙwasa har ina hango kansa ta tagata. A nan labarin ya fara shiga kaina. Manomin da ke bayan waɗannan duwatsu, ta ina zai kai buhunan hatsi kasuwa a kan doki? Shi ya sa suke dafa hatsin ya zama barasar da ake kira wiski, mai sauƙin ɗauka, har da ita ake biyan ɗan ƙwadago saboda ƙarancin tsabar kuɗi.

A 1791 ministan kuɗi Alexander Hamilton ya sa aka ɗora wa wiskin nan haraji don a biya bashin yaƙin neman 'yanci. Tsabar kuɗi ake karɓa, kuma manyan masu sana'ar sun fi ƙanana samun sauƙi. Wanda ya ƙi biya, kotun tarayya a Filadelfiya ke jiransa, kusan kilomita 500 daga gonarsa, wato nisan da na yini ina ratsawa a zaune.

Washegari na shiga mota zuwa wani ƙaramin gari mai suna Washington, kudu da Pittsburgh. A bakin titi gidan David Bradford yake, lauyan da ya zama jagoran masu bore. Ginin dutse ne na 1788. Na dafa bangonsa mai sanyi, na hau matakalar katako, na ce ashe ba talakawa kaɗai ne a ciki ba. A wannan yanki aka tare mai karɓar haraji, aka yanke masa gashi, aka shafe shi da kwalta, aka liƙa masa gashin tsuntsu. A Yulin 1794 aka ƙone gidan John Neville, shugaban masu karɓar harajin yankin. Shugaba George Washington ya tara mayaƙa kusan 13,000, ya tafi da kansa har garin Bedford. Kafin rundunar ta iso, taro ya watse, Bradford ya tsere. Mutum biyu aka samu da laifin cin amanar ƙasa, shugaban ya yafe musu.

Zangona na ƙarshe shi ne Friendship Hill, gidan Albert Gallatin, a kan tudu, kogin Monongahela na gudu a ƙasansa. Shi ma ya ƙi harajin, amma ya roƙi mutanensa su ajiye bindiga. Tsarin mulkin ƙasar bai ambaci jam'iyya ba, sai ga rikici irin wannan yana ƙara raba layi: ga 'yan Federalist na Hamilton, masu son gwamnatin tarayya mai ƙarfi, ga na Thomas Jefferson, waɗanda manoman yamma suka rungume. Jefferson ya ci zaɓen 1800, ya ba Gallatin kujerar ministan kuɗi, a 1802 aka soke harajin.

Ina zaune a gindin wata bishiya a wurin, sai gida ya faɗo mini. Ka tuna yadda mahaifinmu ke ba da labarin lokacin biyan haraji da jangali, yadda magidanci kan sayar da akuyarsa don kada dogarai su ci masa mutunci a gaban iyalinsa. Wannan kukan na cikin abin da jam'iyyar NEPU ta ɗauka tun 1950, kuma shi Balarabe Musa da Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP suka share a Kaduna da Kano a 1979. Na ƙetare teku ina neman baƙon labari, sai na tarar da namu. A can da nan, ƙuri'ar manomi ce ta sauke masa kayan, bayan shekaru na haƙuri. Idan na dawo, ka raka ni wurin Baba ya sake ba mu labarin, wannan karon zan rubuta.